Kuɗin Azurfar Rumawa: Yadda Sarakuna Ke Buga Nasararsu a Kan Kwandala

 Daga nan Kalpohin a birnin Tamale nake miƙa gaisuwa ga masu bin wannan shiri namu na tarihi, na nan gida Gana da na tsallaken iyaka: mutanen Yendi da Salaga da Bawku, 'yan uwanmu na Dapaong da Sokode a Togo, da na Tenkodogo a Burkina Faso, har zuwa Maradi da Kano inda wannan takarda takan kai a jakar matafiya. Wanda ya saurare mu da wanda yake karantawa yanzu, duka sannunku.

Yau zancen kuɗi za mu yi, amma ba na neman su ba. Mai karatu, in akwai kwandala a aljihunka, canjin da mai yalo-yalo ya ba ka ko wanda ya rage bayan ka sayi koko da ƙosai, fito da ita ka duba gaba da baya. Akwai hoto, akwai rubutu. Wani ne ya zauna ya zaɓi hoton nan, kuma akwai abin da yake so ka riƙa gani kullum ba tare da ka lura ba. Wannan dabara tsohuwa ce, kuma babu waɗanda suka ƙware a kanta kamar sarakunan Rum.

Mene ne dinari?

Kuɗin azurfar Rumawa sunansa denarius, mu ce dinari don sauƙin baki. An fara buga shi wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, lokacin da Rum take cikin yaƙi da Hannibal, jarumin birnin Kartaj da ke ƙasar Tunisiya ta yau. Ka ga tun asali a cikin yaƙi aka haife shi. Ƙaramin abu ne, faɗinsa kamar na kwandalar fesewa biyar ko goma, bai kai na sidi ɗaya ba. A zamanin Agustus, sarkin daular na farko, nauyinsa ya kusa giram 4, kuma kusan zallar azurfa ce.

Da hannu ake yin sa. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera zai gane aikin. Akan sassaƙa hoton fuskar sarki a wani hatimin ƙarfe a kafa shi a kan uwar maƙera, a ɗora ɗan faifan azurfa, a kawo hatimi na biyu mai hoton baya a ɗora a sama, sai a sakar masa masaba. Bugu ɗaya, kwandala ta fito. Shi ya sa da wuya ka ga dinari biyu da suka yi daidai da juna, wani ya karkace, wani rubutunsa ya zame gefe. Gidan buga kuɗin na farko yana kusa da ɗakin bautar wata gunkiyarsu da suke kira Juno Moneta, kuma daga sunan nan ne Turancin Ingilishi ya samo kalmarsa ta kuɗi, Faransanci ma haka. Masu sauraronmu na Togo da Burkina, monnaie ɗin da kuke faɗa a kasuwa daga can ta taso.

To wa ake biya da wannan kuɗi? Kafin kowa, soja. A zamanin Agustus sojan ƙasa yana karɓar dinari 225 a shekara, daga baya sarki Domitiyan ya mai da shi 300. Daga hannun soja kuɗin ke shiga hannun mai burodi, mai sayar da mai, mai wanki, ya zaga ya koma baitulmali ta hanyar haraji. Babu rediyo, babu jarida, babu waya, kuma yawancin talakawa ba su iya karatu ba. Daula kuwa ta tashi daga Ingila har Siriya, daga kogin Danub har bakin hamadar Sahara. Ta yaya mutumin da ke ƙauye a Libiya zai san fuskar sarkinsa, ya kuma ji an ci wata ƙasa da yaƙi? Ta kwandala. Ita ce gidan rediyon sarki, kuma tasha ɗaya ce tak, ba a murɗawa a kamo wata.

Kada, da mace mai kuka

Bari mu ɗauko kaɗan daga cikinsu mu duba.

Ta farko ta shekara ta 28 kafin haihuwar Annabi Isa ce. Oktabiyan, wanda shekara ɗaya bayan nan aka laƙaba masa suna Agustus, ya ci Antoni da sarauniya Kiliyofatara a yaƙin ruwa na Aktiyum a shekara ta 31, ya shiga Masar a ta 30. Sai ya sa aka buga dinari: gaba fuskarsa, baya hoton kada, da kalmomi biyu na Latin, AEGVPTO CAPTA, wato an kama Masar. Ko ba ka iya karatu ba, ka san kada na kogin Nilu ne. Amma lura da abin da aka ɓoye. Yaƙin nan rabinsa na basasa ne, Barume da Barume, domin Antoni babban hafsan Rum ne kuma mijin 'yar uwar Oktabiyan ne a da. Kwandalar ba ta ambaci Antoni ba ko da harafi ɗaya. Ta mai da rigimar cikin gida ta zama cin baƙuwar ƙasa.

Ta biyu ta fi wannan wayo. A shekara ta 53 kafin haihuwar Annabi Isa, Fartiyawa, masu mulkin Farisa a lokacin, sun yi wa rundunar Rum kaca-kaca a Karhe, suka kashe shugabanta Karasus, suka tafi da tutocin yaƙinsu. Abin kunya ne da ya daɗe yana cin Rumawa. A shekara ta 20 Agustus ya karɓo tutocin nan ta hanyar sulhu, ba a yi gaba da gaba a fagen fama ba. Amma da aka zo buga dinari, sai ga hoton Bafartiye ya durƙusa a kan gwiwa yana miƙa tuta. Wanda ya karɓi kuɗin a kasuwa zai rantse an yi yaƙi an ci su. Ka ji fa.

Ta uku ita ce wadda ta fi suna. A shekara ta 70 bayan haihuwar Annabi Isa, Titus ɗan sarki Basbasiyan ya ci birnin Ƙudus bayan doguwar kewaye, aka rushe babban ɗakin ibadar Yahudawa, aka kashe jama'a masu yawa, aka kwashi wasu bayi. A bayan dinarin Basbasiyan za ka ga mace zaune a ƙasa ta yi tagumi. Kusa da ita an kafa kututturen itace an rataya masa sulke da garkuwar waɗanda aka ci, a ƙasa an rubuta IVDAEA, sunan ƙasar. Basbasiyan ba ɗan gidan sarauta ba ne, ya hau mulki a shekara ta 69 bayan sarakuna uku sun faɗi cikin shekara guda. Yana bukatar abin da zai nuna wa jama'a cewa ya cancanta, sai ya riƙe wannan nasara, aka yi ta buga ta a zinariya da azurfa da tagulla shekara da shekaru. Ka yi tunanin Bayahuden da ya tsira daga yaƙin, ya yi wunin aiki, aka biya shi da hoton ƙasarsa tana kuka. Dole ya karɓa, domin da shi zai sayi abincin 'ya'yansa.

Haka sarki Tarajan ya yi bayan yaƙe-yaƙensa biyu da Dasiya, ƙasar Romaniya ta yau, daga 101 zuwa 102 da kuma daga 105 zuwa 106. Dinarinsa na ɗauke da hoton Badasiye a ɗaure ko a zaune a kan tarin makamai, da rubutun DAC CAP. Dasiya ƙasa ce mai ma'adinan zinariya da azurfa. Wato an ƙwace dukiyar mutum, an narka, an buga hotonsa a ɗaure a kai.

Wani abu da za ka riƙa gani a gefen fuskar sarki shi ne haruffa uku, IMP. Gajarta ce ta imperator, kirarin da sojoji ke yi wa shugabansu a fagen fama in an yi nasara. Sarakuna har ƙidaya suke yi, ka ga an rubuta IMP da lamba a gabansa, sau kaza ke nan aka yi masa kirarin. Riƙe haruffan nan uku, za mu sake haɗuwa da su a kasuwar Tamale.

Magana na ƙaruwa, azurfa na raguwa

Yanzu ga inda labarin ya shafi tukunyar talaka. Yaƙi yana cin kuɗi, soja kuma ba ya jiran gobe. In azurfar baitulmali ta kasa, me sarki zai yi? Sai ya sa a ƙara jan ƙarfe a cikin narkin, kamar mai nono da ke ƙara ruwa. Sarki Niro ne ya buɗe wannan ƙofa sosai a shekara ta 64, ya rage nauyin dinari ya kuma rage tsarkinsa. Waɗanda suka biyo baya suka ga hanya.

Dubi Saftimiyus Seberus, ɗan Afirka, haifaffen birnin Leptis Magna a gaɓar tekun Libiya, wanda ya yi mulki daga 193 zuwa 211. Jarumi ne na gaske, ya ci Tesifon, babban birnin Fartiyawa, kusa da Bagadaza ta yau, aka buga masa dinari mai yabon nasarar. Ya ƙara wa sojoji albashi. Amma a zamaninsa dinari ya koma kusan rabi azurfa rabi jan ƙarfe. A ƙarshen rayuwarsa ya kai yaƙi arewacin Birtaniya, kwandaloli suka fito da rubutun VICTORIAE BRIT, nasarorin Birtaniya. Ya rasu a birnin Yok a 211, 'ya'yansa suka tattara suka koma Rum, aka bar ƙasar da aka ce an ci.

Ɗansa Karakalla a 215 ya fito da sabuwar kwandala, sarki na sanye da kambi mai tsinaye kamar hasken rana. Masana sun tafi a kan cewa a matsayin dinari biyu ake karɓarta, alhali nauyinta na dinari ɗaya da rabi ne. Rabin nan da ya ɓace, daga aljihun wa ya fita? Ka san amsa.

Wanda ya fi ban tausayi shi ne sarki Baleriyan. Akwai kwandalolinsa masu rubutun VICT PART, suna shelar nasara a kan mutanen Farisa. A shekara ta 260, kusa da birnin Edesa, sarkin Farisa Shafur na Ɗaya ya kama Baleriyan da ransa, kuma a hannunsu ya mutu. Babu gidan buga kuɗin Rum da ya buga wannan labari. Farisawa ne suka sassaƙa shi a jikin dutse a Naƙshi Rustam, yana nan a Iran har yau: Shafur a kan doki, sarakunan Rum a gabansa cikin ƙasƙanci. Kowa da nasa allon.

Kafin a kai shekara ta 270, azurfar da ke cikin kwandalar Rum ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Tagulla ce ake yi wa wankan azurfa a sama, ta ɗan zaga hannu sai jan ya bayyana. Duk da haka kalmar VICTORIA, wato nasara, ba ta daina fitowa a kanta ba. 'Yan kasuwa kuwa ba rubutu suke karantawa ba, nauyi da launi suke dubawa, sai farashi ya yi ta hawa. A 301 sarki Diyokiletiyan ya kafa dokar ƙayyade farashin kaya da ladan aiki, har da hukuncin kisa ga wanda ya saɓa, amma dokar ba ta yi ƙarko ba. Mu da muka ga an yanke sifiri huɗu daga sidi a watan Yulin 2007, sidi 10,000 ya koma sidi 1, da 'yan uwanmu na ƙasashen sefa da suka kwana suka tashi a Janairun 1994 aka ce kuɗinsu ya faɗi da rabi, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Yadda dinari ya iso gare mu

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da Rum? Ai kuwa da ruwanmu. Rumawa sun taɓo Sahara. A shekara ta 19 kafin haihuwar Annabi Isa, wani hafsa mai suna Korneliyus Balbus ya yi bikin nasara a birnin Rum bayan ya kai hari ƙasar Garamantawa, wato Fezzan ta kudancin Libiya, hanyar da ayarin fatake suka riƙa bi zuwa Barno da ƙasar Hausa ƙarnoni bayan haka. A 1925 kuma, da aka tone kabarin da Abzinawa ke dangantawa da kakarsu Tin Hinan a Abalessa, kudancin Aljeriya, an sami ɗan ganyen zinariya mai ɗauke da tambarin kwandalar sarki Kustantin.

Amma abin da ya ƙetare hamada ya zauna daram a bakinmu shi ne sunan. Larabawa sun karɓi denarius suka ce dinar, kalmar ma ta zo a Alƙur'ani mai girma cikin suratu Ali Imrana. A wajensu dinari na zinariya ne, na azurfa kuwa dirhami. A shekara ta 77 bayan hijira, halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya fitar da dinarin Musulunci wanda babu hoton kowa a kai, sai rubutu zalla. Masana harshe kuma suna danganta kalmarmu ta zinariya da wannan dinar ɗin, kamar yadda suke danganta azurfa da azref ta Abzinawa. Ke nan duk amaryar da aka sa wa sarƙar zinari a lefe, sunan tsohon albashin sojan Rum ne take ambata.

Sai hanya ta biyu, ta bakin teku. Iyayenmu da kakanninmu da suka yi makaranta kafin 1965 sun yi lissafin fam da sule da kwabo. Tambayi kowane dattijo a Zangon Tamale yadda ake rubuta kwabo a allo, zai ce maka da harafin d. Me ya kawo d cikin kwabo? Denarius ne, Turawan Ingila suka gada. A 1912 suka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma, a 1913 sulallan azurfa suka fito, baya hoton itacen kwakwar manja, gaba kan Sarki Joji na Biyar da rubutun Latin kewaye da shi. A ƙarshen rubutun akwai IND IMP, wato sarkin daular Indiya. Ga IMP ɗinmu ya dawo, ana sayen goro da shi a Salaga da Tamale. Zuwa 1920, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tayar da farashin azurfa, sai aka daina yin sulen da ita, aka koma farin ƙarfe mai ruwan tagulla. Tarihin Niro ya maimaita kansa a hannun kakanninmu.

Azurfar nasara a ƙirjin kakanni

Turawan Ingila ba su buga yaƙe-yaƙensu na nan a kan kuɗin kasuwa ba, a kan lambar yabo suka buga su, kuma salon na Rumawa ne sak. A watan Maris na 1900 gwamna Frederick Hodgson ya je Kumasi ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya ta Asante. Wannan magana ce ta tayar da yaƙin da Yaa Asantewaa, uwar sarautar Ejisu, ta jagoranta. Bayan an murƙushe su, aka kai ta tsibirin Seshel inda ta rasu a 1921, aka kuma buga lambar yabo: gaba Sarki Edward na Bakwai, baya zaki a tsaye a kan dutse, a ƙarƙashinsa garkuwa da māsu, da rubutun ASHANTI. Kada na Masar, mace mai tagumi ta Ƙudus, garkuwar Asante a ƙarƙashin zaki, duk tunani ɗaya ne.

Su wa suka karɓi lambar? Da yawansu sojojin da Turawa ke kira Hausawa ne, ko da yake a cikinsu akwai Mosawa da Gurunsawa da sauran mutanen arewa, Hausa ce dai harshen bariki. Wannan ba labarin wasu ba ne, na gidajenmu ne. Mai bindiga ya sami ta azurfa, ɗan dako da ya ɗauki kaya a ka cikin kurmi ya sami ta tagulla. Kuma Kujerar Zinariyar da aka yi yaƙin dominta ba ta shiga hannun gwamnan ba, Asantawa sun ɓoye abarsu. Lambar ba ta faɗi wannan ba.

Masu bin mu daga Najeriya, ku ma kuna da taku. An ci Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a watan Yuli. Sojojin da suka yi wannan yaƙi an ba su lambar azurfa mai ɗan maƙalin ƙarfe da aka rubuta N. NIGERIA 1903. Faɗuwar daula guda ta ƙare a layi ɗaya.

Nan Dagbon kuwa, ranar 4 ga Disambar 1896 sojojin Jamus daga Togo suka gwabza da mayaƙan Yaa Naa a Adibo, kusa da Yendi, bindigar zamani ta rinjayi ta gargajiya, aka ƙone Yendi. Waɗanda suka faɗi a ranar ba a buga musu azurfa ba. Amma dattawa da makaɗan lunsi sun riƙe ranar Adibo har yau. Wanda yake son tarihi cikakke, in ya gama duban ƙarfen mai nasara, sai ya je ya zauna gaban makaɗi ya ji ɗaya ɓangaren.

Nkrumah da Latin

Da muka sami 'yancin kai a 1957, sai ga abin mamaki. Kuɗin Gana na farko sun fito a watan Yulin 1958. Bayan kwandalar tauraro ne, gabanta kan Kwame Nkrumah, kuma rubutun da ya kewaye shi ba Turanci ba ne, ba Twi ba, ba Dagbani ba, ba Hausa ba. Latin ne: CIVITATIS GHANIENSIS CONDITOR, wanda ya kafa ƙasar Gana. 'Yan adawa sun yi suka, suka ce wannan ɗaukaka mutum ɗaya ce. Hujjar Nkrumah ita ce jama'a da yawa ba su iya karatu ba, sai sun ga alama da idonsu za su tabbata mulkin Bature ya ƙare. A nan yana da gaskiya, domin tsohuwar da ke sayar da daddawa a Aboabo ta ga kan Sarauniya ya tafi, kan baƙar fata ya zo. Wannan nasara ce ta gaske, kuma ba da bindiga aka same ta ba. Sai dai hujjar da Agustus zai bayar ke nan shi ma.

A Yulin 1965 aka kawo sidi, sunan da aka samo daga kalmar Akan ta wuri, hoton Nkrumah na kai. Ranar 24 ga Fabrairun 1966 sojoji da 'yan sanda suka kifar da shi. Shekara guda bayan haka, a Fabrairun 1967, sabon sidi ya fito babu fuskarsa. Rumawa ma haka suke yi wa sarkin da aka juya wa baya, a kankare sunansa daga gine-gine, wani lokaci har daga kuɗi. Kwana a tashi, a 2010 ga Nkrumah ya dawo shi kaɗai a takardar sidi 2. Mutumin bai canja ba, masu riƙe da hatimi ne suka canja.

In kana da tsohuwar kwandala a gida

Kafin lokaci ya cim mana, ga 'yar shawara, domin gidaje da yawa akwai irin waɗannan a ƙasan adaka ko cikin kwallar kaka: kwabo mai huji, sulen Joji, lambar soja, ko babbar azurfar nan mai hoton sarauniya Mariya Tareza ta Ostiriya da mata ke ratayawa a wuya ko a kitso.

Na ɗaya, kada ka goge ta da toka ko yashi ko lemun tsami don ta yi ƙyalli. Baƙin da ke jikinta shaidar shekarunta ne, in ka kankare shi ka rage mata daraja.

Na biyu, kada ka yi saurin kai wa maƙerin farfaru ya narka ta ya yi zobe. Azurfa ana samun wata, amma lambar soja galibi akwai sunan mai ita da lambarsa ta aiki a gefenta. In ta narke, sunan kakanka ya tafi.

Na uku, shekarar da ke jikin ƙarfe ba kullum ce shekarar buga shi ba. Azurfar Mariya Tareza, 1780 ake rubuta mata har a waɗanda aka buga shekaru ɗari da ɗoriya bayan nan.

Na huɗu, ka yi hattara da masu tallan kuɗin Rumawa a Facebook da WhatsApp, da masu cewa kwabo mai huji zai mai da kai miloniya in ka fara biyan kuɗin gwaji. An buga kwabon nan da ɗimbin yawa, dinarin Rum ma haka, kuma jabunsa sun cika duniya. Dinarin gaske bugu ne, ba zubi ba. In ka ga layin haɗi a gefensa ko ƙananan ramuka kamar na ƙosai a fuskarsa, zubi ne. In maganaɗisu ya kama shi, babu zancen azurfa. Wanda yake son tabbaci ya nemi ma'aikatan gidan adana kayan tarihi, akwai na ƙasa a Akra, akwai na yanki a Bolgatanga.

Abin da ya fi duka, ka zauna da dattijon gidanku tun yana raye ka tambaye shi: wa ya kawo wannan ƙarfe, daga ina, me aka saya da shi, wa ya tafi yaƙin bai dawo ba? Ka rubuta ka ajiye tare da shi. Sarki ya riga ya faɗi nasa a jikin kwandala, saura naku.

Haka nan in ka ji wani mai mulki, na kusa ko na nesa, yana shelar nasara da babbar murya, ka saurara da kyau, sannan ka yi abin da 'yan kasuwar Rum suka yi: ka auna abin da kuɗin hannunka ke saya a kasuwa yau, ka gwada da na bara.

A nan za mu dasa aya. Masu tsofaffin kuɗi ko lambobin soja a gida, ku aiko mana da bayaninsu ta hanyoyin da kuka saba, za mu karanta a shiri na gaba, in Allah ya kai mu. Daga Kalpohin nake cewa a huta lafiya.